Inci Tara

Tsohuwar taswirar duniya tana nan manne a bangon shagon Tela, bayan keken ɗinki, rana ta cinye launinta har teku ya koma fari.

Ranar da autansa ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, a kanta Tela ya ɗora tef ɗin awo, daga filin jirginsu zuwa wancan.

"Inci tara!" ya ce wa matarsa, wadda ta cika shago da kuka. "Haba uwar yara, ko hannun riga bai kai ba."

Har Auta sai da ya yi dariya a lokacin. Ashe inci taran nan awa goma sha shida ne a sama, ban da zaman jiran canjin jirgi.

Yau ga Auta da ɗa, yaron har ya shiga makaranta, kakansa bai taɓa ɗora masa tef a kafaɗa ba. Aiki ya riƙe Auta, kullum sai baɗi. Ta waya ake aiko da awo, Tela ya ɗinka riga, a jira mai tafiya. Kafin ta isa, yaro ya wuce ta. Wace irin kunya ce wannan ga mutumin da ya ɗinke unguwa guda!

Bana Auta ya aiko musu da tikiti. Tela ya wanke tef ɗinsa, ya naɗe shi cikin aljihun jaka. Sai likita ya saurari ƙirjinsa, ya girgiza kai.

"Baba, zuciyar nan ba za ta ɗauki doguwar tafiya a sama ba. Ka haƙura."

Da ya dawo, ya wuce shago. Ya ciro shuɗin yadin da ya daɗe yana ɓoyo, ya shimfiɗa, ya kama zane da alli. Matarsa ta shigo da ruwa, ta tsaya tana kallo.

"Malam, ido ne ya fara? Wannan ai rigar ƙato ce. Maigidan nawa ko ƙuguna bai kawo ba."

"Awon ubansa ne, na ranar da ya tafi. Yana nan a kaina."

"To, ta wa ce?"

"Ta abokina ce. Na gaji da rigunana suna makara. Wannan ita za ta jira shi."

"Kafin ya cika ta ai mu..." Sai ta ajiye kofin.

Kewa ta kama shi. Ya dubi taswirar, inda ƙusoshi biyun da ya kafa a kan filayen jirgin nan suka yi tsatsa, ya daɗe. Sannan ya koma kan yadin, ya ƙara faɗin kalmasa a ƙasan rigar.

"Yaran yanzu sun fi iyayensu tsawo," ya ce. "In ta yi masa gajarta, wani telan ya warware."