Ƙwai Biyu a Akurkin Inna

Kurciya ta huɗu ta faɗo a gaban idonsa. Ko fiffike ba ta buɗe ba. Ta saki sandar da take kai, ta zo ƙasa tim, kamar an jefo dunƙulen tsumma. Manaja ya durƙusa ya ɗauke ta, ya ji zuciyarta tana bugawa da sauri-sauri a tafin hannunsa, sannan ya daina jin komai.

Kurciyoyin tsibiri shida aka ba gidan tsuntsayensa amana. Daga wani tsibiri can tsakiyar teku aka ɗauko su, inda irinsu ya kusa ƙarewa, aka rarraba wa gidaje kaɗan don su hayayyafa. Yanzu saura biyu: namiji ɗaya da ya takure a lungu, da mace ɗaya a sheƙa, kwance a kan ƙwai biyu, gashinta a tashe, idonta a lumshe. Idan ta bi 'yan'uwanta, ƙwan sun bi ta.

"Guba ce!" Manaja ya daka wa ma'aikata tsawa. "A rufe ƙofar shiga! Kada wanda ya taɓa buhun hatsi!"

"Wace irin guba ce mai zaɓen baƙi ta bar 'yan gari?"

Ya waiwaya. Ƙanwarsa ce a bakin kejin, farar rigar aiki a kafaɗa, akwatin kayan gwaji a hannu. Duk gari Likita ake ce mata, don aikinta ke nan, binciken jinin tsuntsaye. Shi dai Auta yake ce mata, tunda shi ya goye ta. Da ya tashi gina kejin nan bai nemi shawararta ba, kuma da sassafen nan sai da ya kira lambarta ya kashe sau biyu kafin ya bari ta shiga.

"Auta, ba lokacin baƙar magana ba ne."

"To riƙe mini ita, Yaya. A hankali, ba wuyan ɓarawo ba ne."

Ya ɗago macen daga sheƙa. Auta ta buɗe fiffiken da yatsa biyu, ta hura gashin gefe, ta soka allura siririya kamar gashin gira. Ɗigo ɗaya ta ɗauka, ta shafe shi a kan ɗan gilashi da jan hannu guda.

"Yanzu a kamo mini tattabarar Inna guda."

"Me ya haɗa tattabarun Inna da wannan?"

"A kamo dai."

Mahaifiyarsu tana kiwon tattabaru a wani tsohon akurki bayan ɗakin sayar da tikiti, tun kafin a kafa keji na farko a gidan. Manaja ya daɗe yana jin kunyarsu: baƙi su zo kallon aku da ɗawisu, su tarar da tattabaru suna ɓata musu kujeru. Inna da kanta ta kawo wata ƙatuwa mai ruwan toka a cikin mayafinta.

"Ga Uwar-rigima nan," in ji ta. "Ki ɗiba kaɗan, kwanci ta fara."

A ofis, Auta ta ture kofunan shayi, ta kafa madubin likita a kan tebur, ta rina gilasan biyu da ruwa mai launin shuɗi. Ta daɗe a sunkuye tana murza ɗan maɓallin gefe. Sannan ta ja da baya.

"Leƙa."

Manaja ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ya ga ƙwayoyin jini jere kamar tsakuwa a gindin rafi, kusan kowacce da wani baƙin ɗigo maƙale a cikinta.

"Zazzaɓin cizon sauro ne, irin na tsuntsaye," in ji Auta. "Yana fasa ƙwayar jini ya shiga wata. Wannan na baƙuwarka ne. Ga na Uwar-rigima."

Ya sake leƙawa. Sai da ya nema, amma ya gan su: ɗaya a nan, ɗaya can gefe. Baƙin ɗigon dai ne. Jini ya hau masa ka.

"Ashe su ne! Ashe a gidana ake kiwon annobar!" Ya banko ƙofa ya ƙwala wa ma'aikata kira. "A kawo buhuna! Kafin rana ta take, kada in ga tattabara ko ɗaya da rai!"

Inna ta gyara tsayuwa a bakin ƙofar, ta rungume tattabararta. "Ka fara da ni, Manajan duniya. Ni ma sauro ya sha cizona."

"Inna, amana ce aka ba ni!"

"Yaya," in ji Auta, ba ta ko ɗaga murya ba, "in ka gama da tattabaru, sai ka bi gwarare, ka bi hankaki, ka bi duk mai fiffike a garin nan, don kusan kowa yana ɗauke da shi. Dubi tsuntsuwar nan da kyau. Ta yi maka kama da marar lafiya?"

Uwar-rigima ta karkata kai, ta kai wa yatsansa sara.

"Kakanninta sun sha mutuwa da cutar nan tun kafin ɗan Adam ya san keji. Masu rauni suka tafi, masu juriya suka haifi masu juriya. Ga abin da ya rage: tana yawo da maƙiyinta a jini, tana cin hatsinta, tana kuma sarar manaja. Baƙinka danginta ne na nesa. Iska ce ta kwashi kakanninsu ta kai tsibirin da babu sauro ko na magani. Suka zauna lafiya, jininsu ya manta da faɗan. Kai kuma ka dawo da jikokin filin daga ba garkuwa."

Manaja ya ce, "To amma sauro ta ina? Nan kusa ko kwata babu."

Auta ta ɗauki kofin gilashi ta nufi kejin. Ya bi ta. Kejin nan shi ne abin alfaharinsa. Ya sa an sassaro gora an kakkafa a tsaye don wurin ya yi kama da kurmin tsibiri, ya kuma sa bututu mai fesa ruwa kowace safiya, don baƙi kada su yi kewar raɓar gida. Auta ta tumɓuke gora ɗaya, ta karkata bakinta a kan kofin. Ruwa ya zubo, cike da 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil.

"Kowace gora rijiya ce," in ji ta. "Masauki ka gina, Yaya, sai dai ba su kaɗai ka saukar ba."

Ya tsaya yana kallon kofin. Ya jira ta ƙara wata magana, don da shi ne da ya ƙara. Ita kuwa har ta juya tana ba ma'aikata umarni: a kashe bututu, a fitar da gora duka, a kawo gidan sauro. Ta ɗura wa kurciyoyin biyu magani ta baki, ɗigo-ɗigo, tana shafa maƙogwaronsu har suka haɗiye, ta sa aka kai su ofis cikin kwando.

Sai ta taɓa ƙwan da bayan yatsa, fuskarta ta canja.

"Sun fara hucewa. Uwar ba za ta iya komawa kansu ba."

"Akwai injin ƙyanƙyasa!"

"Inji zai ƙyanƙyashe, amma ba zai shayar ba. Ɗan kurciya ba ya cin hatsi da fari. Wata madara uwa ke amayo masa daga maƙoshinta. Uwa muke nema, mai irin wannan madarar, wadda ta fara kwanci kwanan nan."

Su biyun suka juya suka kalli Inna. Inna ta kalli sama.

"Wai wacce? Wadda za a sa a buhu?"

"Inna, don Allah."

"Ba ni za ka roƙa ba. Ga ta nan."

Manaja ya dubi ma'aikatansa, duk suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya cire hula, ya rusuna a gaban tattabarar. "Ranki ya daɗe, na yi kuskure."

"Ba ta ji ba," in ji Inna.

Ya maimaita da ƙarfi. Sannan ya ɗauko ƙwan a cikin hular, yana tafiya kamar mai taka ƙaya, har akurkin da ya yi shekaru yana neman dalilin rushewa. Auta ta janye ƙwan tattabarar ta mayar wa wata maƙwabciyarta, ta ajiye na baƙuwar a gurbinsu.

"Ba za ta sa musu cutar ba?" ya tambaya da raɗa.

"Sai sauro ya ɗauka daga jikinta ya kai. Shi za mu hana shiga."

Suka lulluɓe ɗakin Uwar-rigima da mijinta da gidan sauro, suka danne gefen da bulo. Tattabarar ta zagaya sheƙar, ta juya ƙwan da baki, ta tsaya kamar mai nazari. Sai ta buɗe gashin cikinta ta zauna.

Namijin tsibirin bai kai washegari ba. Macen ta yi ta jan rai har ta fara tsintar hatsi. Manaja ya ƙaurace wa ofis, ya kafa kujera a bakin akurki; shi ke kai wa tattabarun ruwa, shi ke duba gidan sauron ko ya yage.

Wata ranar da hantsi ya ji ɗan ƙaramin kuka. Ya kira Auta, wannan karon bai kashe ba. Suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa, Inna a bayansu. Abubuwa biyu jajaye, tsirara, makafi, sun cusa baki a cikin bakin Uwar-rigima, ita kuma tana ta tuttuɗo musu abin da ke maƙoshinta, kamar ita ta haife su.

"Likita," in ji Manaja a hankali.

Ta waiwayo da mamaki. Bai taɓa kiranta haka ba.

Kafin ta ce wani abu, ƙahon mota ya cika gidan. Wata doguwar farar mota mai injin sanyi ta tsaya a ƙofa, wani ƙato da rigar sanyi ya diro yana murza hannu.

"Ina manajan? Na kawo tsuntsayen ƙanƙarar nan, masu tafiya a tsaye kamar mutane. An ce an gama musu tafki."

Auta ta miƙe a hankali. Ta dubi motar, ta dubi sabon shingen kwano da aka kewaye bayan gidan da shi, wanda yayanta ya ce mata wurin ajiye kaya ne.

"Yaya, a ƙasarsu akwai sauro?"

Manaja ya murza hularsa. Inna ta leƙa akurki ta ce wa tattabararta, "Ci da kyau, 'yar nan. Wasu baƙin sun iso."