Sunan Baba Ba Ya Cikin Waƙar

'Yata ta dawo daga makaranta ta jefar da jaka, ko abinci ba ta kalla ba. Wai an zaɓi masu rera waƙar sojoji ta ranar tunawa da yaƙi, an sa ta a layin baya. 'Yar maƙwabciyarmu mai ɗinki ce za ta tsaya gaba, domin sunan kakanta yana cikin waƙar.

"Mama, shi Kaka ba ya je yaƙin ba?"

Ya je mana. Shi ya tuƙa motar da ke kai sojoji bakin daga, har yau kafaɗarsa ta hagu ba ta ɗaguwa sosai. Amma waƙar ta jero mazaje ɗaya bayan ɗaya, babu Baba. Tun daga ranar, in na ji keken mai ɗinki yana ƙara ta bayan katanga, 'yarta tana bita da ƙarfi, sai in rufe taga. Har rigar da na kai mata gyara na aika aka karɓo.

Na samu Baba yana wanke fitilar tsohuwar motarsa.

"Baba, ku je ku yi wa shugabar makaranta magana. Ku ma kun yi yaƙin nan. Don me za a tura min yarinya baya?"

"Uwata, ke da fushi kamar injin da ba mai." Ya matse tsumma. "Kin san yadda ake shiga waƙar? A bayan motata ake rera ta. Duk wanda muka tafi da shi bai dawo ba, a hanyar komawa sai a ƙara sunansa, don kada motar ta yi shiru a gurbinsa. Uban mai ɗinki ni na ɗauko gawarsa. Kina so in shiga?"

'Yata ta leƙo daga bayan ƙofa.

"Zo nan, amaryata," in ji shi. "Gara ki tsaya layin baya kina da miji mai rai, ko tsoho ne."

"Ni ba na son miji mai furfura!"

Ranar taron na goge mata riga, na tsaya inda za ta gan ni. 'Yar mai ɗinki ta yi kyau, muryarta ta fita. Ban so ba, amma na tafa. Da aka tashi, Baba ya durƙusa da ƙyar yana ɗaure wa 'yata igiyar takalmi. Na ɗaga kai na ga mai ɗinki tana kallonsu, irin kallon da na yi ta yi wa katangarta.

Ta matso ta rusuna. "Baba, an ce kun san mahaifina. Yaya muryarsa take?"

"Muryar? Kamar ana jan buhu a kan tsakuwa! Amma ba ya yin shiru."

Ta yi dariya, ta share ido. Suka zauna a kan benci, ya shiga ba ta labari: yadda suka tura mota cikin laka, yadda ubanta ke ɓoye sukari a hula. Ni da na tashi a gidan Baba ban taɓa jin ko ɗaya ba.

Na ja hannun 'yata muka je na zaunar da ita a cinyarsa. Ni kuma na matsar da mai ɗinki gefe kaɗan, na zauna a tsakaninsu.