Taka Mini, Tela

Ranar da likita ya gaya wa maigidana cewa jininsa ya hau har ya fara taɓa zuciya, ina zaune a gefensa riƙe da katin asibiti. Ya rubuta magani, ya ajiye biro, ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya riƙa takawa kullum.

"Takawa?" in ji maigidan. "Likita, ai sana'ata ke nan. Tun safe nake takawa har yamma."

Tela ne, kuma keken ɗinkinsa na takawa da ƙafa ne. Likita ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba, don na san mutumina, da gaske yake.

Shagonsa a jikin gidanmu yake, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin kwana. Daga gado sai kujera, daga kujera sai gado. Tef a wuya, alli a bayan kunne, yadudduka jibge a kan benci, masu kaya suna leƙe suna tambaya ko an gama. In na yi masa zancen tafiya sai ya nuna mini tulin ɗinkin, ya ce gobe zai fara. Na zauna da tela shekaru masu yawa, na san irin gobensu.

Babban ɗanmu ya aiko masa da takalmin motsa jiki. Maigidan ya juya shi, ya yaba ɗinkin, ya tura shi ƙarƙashin tebur. Bayan kwana biyu na tarar da shi cike da maɓallai.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi gaba ta yini guda. Wata rana na kai masa ruwa, na same shi ya tsayar da keke ya dafe ƙirji, yana numfashi a hankali don kada in ji. Da ya gan ni sai ya shiga laluben allura a gaban rigarsa. Na ajiye kofin na fita. A ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba, tsoron in wayi gari in ji bayan bangon nan shiru.

Ni malamar firamare ce, kullum da safe motar haya nake hawa a bakin titi. Washegari na tsaya a ƙofar shago da jakata.

"Tela, taka mini mana. Jakar nan ta yi mini nauyi."

Maigidana zai iya yi wa likita gardama, amma bai iya ƙin rakiya ba. Ko wanda ya kawo facin wando sai ya miƙe ya taka masa zuwa ƙofa. Ya saka silifa ya karɓi jakar.

A bakin titi na ce motar ta cika, mu ƙara gaba. Kashegari na ce direban nan ganganci gare shi. Rana ta uku ban ma nemi dalili ba. Muka wuce mai facin taya, muka wuce kantin magani, wata rana muka haye gada. In numfashi ya ƙwace masa ba ya cewa ya gaji. Sai ya ja ya tsaya, ya nuna wani mai wucewa, ya ce in dubi yadda aka kashe wa bawan Allah wuyan riga. Ni kuwa sai in tsaya in duba da kyau, har sai na ji numfashinsa ya daidaita.

Sannu a hankali muka kai ƙofar makaranta. Nan yake miƙo mini jaka ya juya da ƙafa. Ina shiga aji ƙafafuna na zugi, ga tsayuwar allo tana jirana, amma kumburin da yake fama da shi a idon sawu ya saɓe, kuma na daina ganin hannu a ƙirji. Masu kaya suka koyi zuwa da hantsi.

Sai aka yi hutu. Duk malamai suna murna, ni na dawo gida jikina a sanyaye. Ba makaranta, ba jaka, ba abin da zan fake da shi.

Safiyar farko ta hutun, tun ban gama haɗa shayi ba na ji keke yana ruri a bayan bango. Na ce shi ke nan, ya koma gidan jiya. Na zauna a bakin gado na rasa abin da ke mini daɗi.

Can keken ya yi shiru. Sai ga shi a ƙofar ɗaki, yana gyara zaman wandon da ya rage wa ƙugu yanzun nan, ga zare bai ma tsinke ba. A ƙafarsa takalmin ɗanmu ne.

"Malama, taso ki taka mini."

"Zuwa ina?"

"Shago."

"Shagon da ke bayan wannan bangon?"

"Ta ƙofar makarantarku zan bi." Ya sunkuya yana fama da igiyar takalmi. "Kuma ki bar jakar. Tun ranar farko na ji ba komai a cikinta."

Na juya masa baya ina neman takalmina, ga shi kuwa a gabana, idona ne ya cika ban gan shi ba. Muna fita na ji wani abu yana ƙwas-ƙwas a ƙafarsa ta hagu. Maɓalli ɗaya ne ya rage a ciki, ya ce in ƙyale shi sai mun dawo.