Inda Mai Dogon Wuya Ya Sauka

Tun da Injiniya ya haɗa wa gwaggonsa manhajar shagon ɗinki, ta daina rubuta awon mutane a takarda. Shi ya matsa mata lamba har ta zubar da tsofaffin littattafanta da ɓera ya fara ci. Yanzu kafaɗa da ƙugu da tsawon hannun duk wanda ya taɓa kawo mata ɗinki suna cikin rumbun bayanai guda, kuma ajiye kwafinsa yana cikin ayyukan da Injiniya ke cewa sai mako mai zuwa.

Rumbunan biyu ne, na shago da na gwaji wanda yake wasa da shi. Manhajar ba ta san ko ɗaya ba, don bai rubuta adireshi ko kalmar sirri a cikinta ba. In ta tashi sai ta tambayi muhallin da aka kunna ta a ciki, rumbun da aka nuna mata can za ta nufa. Yana ji da wannan tsari, har matarsa ta haddace bayanin ba da son ranta ba.

Ran nan da hantsi ya zauna a falo zai gwada wani gyara. Ya duba fayil ɗin saituna inda yake nuna wa manhajar rumbun da za ta nufa, ya ga adireshin rumbun gwaji raɗau. Sai ya koma baƙar tagar da yake buga umarni, wadda ke buɗe tun jiya, ya share komai na cikin rumbun kamar yadda ya saba kafin gwaji. Ya ƙirƙiro kwastoman ƙarya, ya raɗa masa Mai Dogon Wuya, ya ba shi wuyan da ya fi hannunsa tsawo. Manhaja ta ce ta adana.

Da ya leƙa rumbun gwajin ta wata hanya, babu Mai Dogon Wuya. Tarkacen makon jiya da ya share kuwa suna nan daram, ko ɗaya bai motsa ba.

Kansa ya ɗaure. Ya sake karanta fayil ɗin harafi bayan harafi, ya goge tabarau, ya kuma karantawa. Ya zargi intanet, ya zargi kwamfutar da tsufa. Matarsa ta ajiye masa shayi, ta tambaye shi ko manhajar ta manta muhallinta ne, ya harare ta. Don ya kawar da shakka sai ya sake sharewa, ya sake shigar da mutumin nasa. Manhaja ta kuma cewa ta adana, rumbun gwaji ya kuma nuna bai san zancen ba. To ina mutumin yake zuwa?

Yana cikin haka waya ta yi ƙara. Gwaggo ce, ana jin kekunan ɗinki a bayanta. Bayan gaisuwa ta tambaye shi wane bawan Allah ne wannan mai wuya kamar muciya, don ita dai ba ta taɓa auna shi ba.

Sai a lokacin ya tuna da jiya. A baƙar tagar nan ya gyara mata wata matsala, ya sa adireshin rumbun shago da hannunsa, bai rufe ta ba. Manhajar kuwa abin da ta tarar a taga take ɗauka, ba ta ko kallon na fayil. Ya buga umarni tagar ta nuna masa adireshin, sai ga na shago.

"Gwaggo, ban da shi, wa kike gani?"

"Shi kaɗai ne fa, ɗana. Ga yadin mutane na shimfiɗa, almakashi na hannuna. Dawo min da sauran in yanka."