Jan Bokitin Fadimatu

Shekarar da naira ta kori fam, kayan roba suka cika kasuwar Jimeta. Fadimatu ta Nassarawo, mace mai son a ce ita ta fara, ta sayo bokiti mai murfi, ja wur kamar gauta. Tsohuwar ƙwaryarta kuwa ta kife ta a bayan ɗaki.

Ana nan sai 'yarta Raliya ta dawo gida wankan haihuwar fari. Abincin maijego kunun kanwa ne, kuma da zafinsa ake so. Fadimatu takan sauke shi yana tafasa, ta juye a bokitin, ta rufe ruf kada ya huce.

"Dada, kunun nan warin roba yake," in ji Raliya.

"Sabuwar ƙwarya ma da ɗacinta take zuwa. Shanye!"

Ta yi wa bokitin abin da ake yi wa sabuwar ƙwarya, ta jiƙa shi da ƙasari ya kwana. Warin bai tafi ba, sai ta ƙara citta da barkono.

Raliya ta fara amai, ta rame, nono ya janye, jariri sai tsala kuka yake. Hankalin Fadimatu ya tashi matuƙa. Ta zargi baki, ta zargi iska, ta turare ɗakin. Duk sanda yarinyar ta kau da kai, sai uwar ta zauna a kanta da ludayi, da lallashi da faɗa, har sai ta ga gindin bokiti.

Wata safiya, ta gama ba ta kunun ke nan, maƙwabciyarta Keturah ta shigo aron bokitin. Ta ɗauraye shi a tsakar gida, ta leƙa ciki, sai ta yi turus.

"Adda Fadimatu, ba ja ne kin saya ba?"

Fadimatu ta karɓa ta duba a rana. Bayansa ja ne kamar kullum. Cikinsa kuwa, daga gindi har inda kunu ke tsayawa, ya koɗe fari fat. Ta goga yatsa, robar ta biyo ta danƙo-danƙo. Kunun kanwa da ma jaja-jaja ne, wa zai lura?

"Innalillahi," ta ce.

"To, ina jan ya tafi?" in ji Keturah.

Daga ɗaki suka ji Raliya na kakarin amai. Fadimatu ta dubi ludayin duman da ke hannunta, wanda take ɗura wa 'yarta da shi safe da yamma. Cikinsa ya rine ja wur.