Sandar da Za a Ara wa Likita

Iddrisu ya ɗaga sandar, ya girgiza ta, ya kalli yadda kanta ke rawa, sannan ya mayar da ita wurinta. Ta biyar ke nan da ya taɓa a shagon kayan kamun kifi da ke unguwar Erdington a Birmingham. Mai shagon, wata baturiya da ake kira Chloe, ta gaji da kallonsa daga nesa, ta zo ta tambaye shi ko kogi za shi ko teku.

Ya ce teku, yana cije haƙora.

Bara abin ya faru. Hausawan Birmingham da na Manchester sukan ɗauki hayar bas sau ɗaya a shekara su tafi bakin teku a Wales, mata su baje abinci, maza su jefa fatsa. Iddrisu ya je da wata siririyar sandar kogi da ya saya a gwanjo. Ya ɗaura mata dalma mai nauyi, ya wurga da ƙarfinsa, sandar ta karye gida biyu, shi kuma ya zauna daɓas a cikin ruwa. Dokta Sunusi, likitan nan na Manchester da ba ya zuwa ko'ina sai an san ya zo, yana tsaye da waya yana ɗauka. Da ya gama dariya sai ya ɗauko 'yar sandar wasa ta ƙaramin ɗansa, ya miƙa masa a gaban kowa.

"Riƙe wannan, Malam Iddrisu. Ita ce daidai kai."

Kafin bas ta dawo gida bidiyon ya zagaye WhatsApp. Tun daga ranar sunansa ya koma Sarkin Ruwa, har a ƙofar masallaci. Mutumin da ya tashi a Zangon Sekondi da ke bakin teku, ya yi shekara goma yana jan koma da masunta kafin ya zo Birmingham ya zama direban bas, shi ne wani wanda bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi ya mayar da shi abin dariya. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne 'yarsa Sherifatu, wadda ta ce bana ba za ta je ba, ƙawayenta sun ishe ta da tsiya. Da ƙyar ya shawo kanta, ya rantse mata cewa wannan karon ba wanda zai yi musu dariya. Saura kwana shida a yi tafiyar bana.

Chloe ta san aikinta. Ta ce ya manta da masu tsadar da ke cikin gilashi. Ta zaro masa wata doguwa mai ƙafa goma sha biyu, mai kauri a gindi, wadda za ta ɗauki dalma mai nauyi ta kai ta bayan inda igiyar ruwa ke fashewa. Ta haɗa masa da ril, wato kwarkwaron da ke naɗe zaren, babba, wanda aka yi don ruwan gishiri. Duka biyun fam sittin, ga takardar ragi ruwan ɗorawa an manna a jiki. Ta ja masa kunne cewa duk ranar da ya dawo daga teku ya ɗauraye ril ɗin da ruwan famfo, domin gishiri bai san mai tsada da mai araha ba. Iddrisu ya yi murmushi. Wannan karatun tun yana yaro ya sauke shi.

Yana juya hannun ril ɗin, yana jin yadda yake tafiya sumul, sai wayarsa ta yi ƙara. Dokta Sunusi ne ya turo hoto a zauren ƙungiyarsu na WhatsApp. Ga ril ɗinsa nan mai ruwan zinariya a kan teburin kicin, wanda bara ya gaya wa kowa kuɗinsa ba a tambaye shi ba. A ƙasa ya rubuta: "Tun bara ban buɗe bag ɗin ba sai yau, still brand new. Sarkin Ruwa, an shirya wanka?"

Mutane suka fara turo fuskokin dariya. Iddrisu ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, don kawai ya ƙara jin haushi, sai idonsa ya tsaya. A gindin hannun ril ɗin akwai wani farin gari da ya daskare, ga ɗan kore-kore a bakin ƙusoshi. Ya san wannan garin sarai. Ya gan shi a jikin injin kwalekwale ya fi sau ɗari.

Ya nuna wa Chloe. Ta ɓata fuska, ta ce gishiri ya shekara yana cin cikinsa, da wuya ya jure jifa biyu bai cije ba. Amma in an kai wa mai gyara cikin satin nan za a iya ceto shi. Ta ce ya yi maza ya gaya wa abokinsa.

Ya ce ba abokinsa ba ne.

Duk da haka ya fara rubutawa: "Likita, ka duba ril ɗin nan." Ya tuna da safe matarsa Wasilatu ta ce ya bar mutumin da Allah. Ya tuna fuskar Sherifatu a bas bara, ta lulluɓe kai da gyale tun daga Wales har Birmingham. Ya goge rubutun harafi bayan harafi. A maimakonsa ya tura: "Masha Allah, Likita. Kada ka taɓa shi, haka ya fi kyau. Allah ya kai mu Asabar."

Ya sa wayar a aljihu, ya tambayi Chloe wace sanda ce mafi araha a duk shagon. Ta nuna masa wata gajera a cikin kwandon bakin ƙofa, shuɗiya, da hoton kifi yana dariya a jikinta. Ta ce ai wannan ta yara ce. Ya ce ya sani, wani zai ara wa in tasa ta ba shi kunya.

Ta haɗa masa su biyun a kan teburin shagon. Da ta ji wani za a ba, sai ta sa farce za ta ɓare takardar ragin da ke jikin ƙaramar. Iddrisu ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Bar ta a jiki," ya ce. "Likita ne, yana son karatu."