Hannun Nuala

Ranar Lahadi da yamma a gidan Keady, mashayar garin, sai an sha miyar kifi sannan masu goge su buɗe akwatunansu. Ana ta yayyafi a kan tagogi, wuta na ci a murhu, ƙamshin burodi mai zafi ya gauraye da na baƙar giya. Fintan Conneely, tsohon masunci, ya sa kwanonsa a gaba, ko cokali bai ɗaga ba.

"Miyar ta yi maka laifi ne?" in ji Dervla, mai gidan.

"Zafi gare ta."

"Wane zafi? Ta huce tun ɗazu, tsoho. Kai dai ka ce wuyanka ya ƙage wajen kallon ƙofa."

Nuala yake jira, kowa ya sani. A nan bakin tekun yammacin Ireland, in mutum zai rera tsohuwar waƙa ba tare da kiɗa ba, rufe ido yake yi ya miƙa hannu, wani ya kama yana juya shi a hankali har waƙar ta ƙare. Mijin Nuala ne mai kama mata. Tun da aka binne shi, in ta fara waƙa sai hannun ya miƙe da kansa ya tsaya a iska, muryar ta yanke a tsakiya, don ba wanda ya iya tsayawa a wurin mamaci. Ta gaji. Ta ce garin da ba ta iya ƙarasa waƙa a cikinsa, zaman me za ta yi? Gobe za ta koma birni wurin 'yarta.

Shi kuwa Fintan son ta yake yi tun suna 'yan makaranta, bai taɓa furtawa ba. Mutumin da zai fita teku hadari na haɗowa, amma ya kasa ce wa mace rigarki ta yi kyau. Kai, abin haushi!

Ta shigo tana kakkaɓe lema, ta zauna kusa da makaɗa. Aka yi goge, aka yi sarewa, ƙafafu na dukan daɓen katako, har Colm mai goge ya ɗora sandar gogensa a cinya.

"Nuala, ba za ki tafi ki bar mu hannu rabbana ba. Ko waƙa ɗaya ce."

"Ka san ba ta ƙarewa, Colm."

"A ba mu rabin, mun gode."

Dervla ta daina zuba giya. Nuala ta rufe ido ta ɗauko waƙar mutumin da ke tuƙa kwalekwale zuwa wani tsibiri, yana matsowa tsibirin na ja da baya. Hannun ya tashi. Muryar ta fara rawa daidai inda ta saba yankewa.

Fintan bai san lokacin da ya ƙetare ɗakin ba. Sai dai ya ji yatsunta cikin tafinsa, sanyi ƙalau. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma ya juya hannun, ya sake juyawa, muryar ta miƙe.

Daga nan ɗakin ya soma lilo. Bango ya matsa nesa, hayaƙin murhu ya zama hazo a kan ruwa, fuskokin mutane suka koma ƙananan fitilu can a gaɓa. Ya ga tsibirin da idonsa, kore shar, da tumaki a kansa. Shi ke tuƙi, ita ke zaune a goshin jirgin, gashinta baƙi wuluk kamar da, kuma ba ya son su isa.

Ciwon kafaɗa ne ya dawo da shi. Ya ga Colm na kallon Dervla, ita kuma ta toshe baki da tsumma, kafaɗunta na girgiza. Me kuma ya yi? Shi dai bai san baitocin ba, don duk tsawon shekarun nan ba waƙar yake saurara ba, mai waƙar yake kallo. Da ta tsaya jan numfashi, ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Nuala, wai waƙar nan ba ta da ƙarshe ne?"

Ba ta buɗe ido ba.

"Ta ƙare tun ɗazu, wawa. Ƙirƙira nake yi. In ka saki, gobe na shiga mota."

Fintan ya gyara tsayuwa, ya tallafe gwiwar hannunsa da ɗaya hannun, ya ci gaba da juyawa.